Falon da Ya Haɗiye Muryar Aku

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafa, ya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai mura da ta kama Baba, ita ma ta sake shi.

Na san sai kin juya takardar nan gaba da baya kafin ki gane mai rubutun. Ni ce 'yar ɗan'uwanki mai shagon gyaran agogo, wanda mahaifinsa da naki suke uwa ɗaya uba ɗaya. Rabonki da ni tun ina yarinya, ranar da kika kama ni ina auna ƙofar ɗakinki da tef ɗin ɗinkinki, kika laƙaba mini Sarkin Awo. Sunan ya bi ni, Gwaggo. Yanzu sana'ata ke nan, in shiga gida fanko in auna shi, in tsara inda komai zai zauna, tun daga launin bango har mariƙin ƙofa.

Ɗanki, Yaya Likita, ya ba ni aikin gidan da ya saya miki a saman dogon benen da suke zaune, ƙofarki na kallon ƙofarsa. Ya ce yana so a haɗa miki kayan da da na zamani, yadda in kin shiga ba za ki ji baƙunta ba, kuma in abokansa sun zo gaishe ki su san mahaifiyar wa suka zo gani. Ya hana ni kiranki a waya, wai ba kya sonta. Direban da ke kai wa shagunan garinku kaya shi zai riƙa kawo miki saƙona.

Ga ƙyallaye nan na haɗo da 'yan takardun launin fenti. Ki zaɓi wanda ya kwanta miki, ki kuma faɗa mini abin da ba za ki iya rabuwa da shi ba a tsohon gida. Wannan ne babban aiki na farko da aka damƙa mini ni kaɗai.

Taki,
Sarkin Awo

*

Sarkin Awo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa tana nan tana yi mini tsiya duk lokacin da hadari ya haɗo, sauran jiki kuma alhamdu lillahi. Ki gaida babanki, ki ce masa zumunta a ƙafa take, shi kuwa tasa ƙafar ya ɗaure ta a ƙarƙashin teburin agogo.

Ban manta da ke ba. Yarinyar da ta ce ƙofata ta karkace, kuma da aka duba ta karkace ɗin, ai ba ta mantuwa.

Ba ƙin waya nake ba, ita ce ta ƙi ni. Shekarun da na yi a masaƙa ina duba yadi kusa da injina su suka cinye mini kunne. Likita ya sayo mini wani ɗan ƙwaro da nake cusawa a ciki, da shi nake jin mutum in yana gabana.

Bari in faɗa miki gaskiya tun da wuri, kada ki zuba ƙarfinki a rariya. Ban yi wa kowa alkawarin tashi ba. Na ce zan zo in gani. Gidan nan yana yoyo, matakalarsa ta fi ƙarfin gwiwata, duk na sani, amma na san inda kowane cokali yake. Abu ɗaya ne ke jana zuwa benen naku, jikata. Ni nake kiranta Aku, don bakinta ba ya hutawa. Zuwansu na ƙarshe a kan cinyata ta wuni tana ba ni labarin wata malamarsu mai takalmi mai ƙara, har shayina ya huce ban sani ba. In na zauna nan, sai dai in riƙa ganinta daga hutu zuwa hutu, kuma yaro ba ya jiran kowa.

Fenti ki sa wanda kika ga dama, ban da kore irin na asibiti. Abin da zan tafi da shi kuwa, kujerar marigayi mijina, da labulayena masu nauyi, da kafet ɗin falo, da akwatunana. Akwatunan cike suke da samfurin yadi. Duk sabon zanen da masaƙa ta fitar, sai an yanko mini in duba kafin a sake shi kasuwa. Da za a rufe wurin suka ce za su ƙone, na ce ba a gabana ba. Sun tare rabin falona, na sani, ba sai kin auna ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da tambayar ƙafa, Baba ya ce in gaya miki ya ji saƙo, kuma ya shiga.

Aiki ya yi nisa. Da ma a ce kina nan jiya da aka wanke daɓen falo. Marmara ne fari mai jijiyoyin ruwan toka, in kin sunkuya kina ganin fuskarki. Bango ɗaya gaba ɗayansa gilashi ne tun daga ƙasa har rufi, gari duk yana ƙarƙashinki, motoci kamar tururuwa. Shi ya sa ban sa masa labule mai nauyi ba, sai wani shara-shara da ake naɗewa sama. Rufin yana da tsawo sosai, na sa an yi masa zanen filasta a gefe-gefe irin na gidajen da. A tsakiyarsa na rataya wata tsohuwar fitila mai duwatsun gilashi da na samo a wani otal da za a rushe, ni da hannuna na wanke su ɗaya bayan ɗaya.

Kujerun na zamani ne, na fata, siraran ƙafafu na ƙarfe, da teburin gilashi a tsakiya. Daura da taga kuma na kafa wani ƙaton madubi mai firam na sassaƙa da ruwan zinariya, ya ninka hasken ɗakin. Tsoho da sabo suna kallon juna ba faɗa. Matar Yaya Likita ta shigo ta yi ta zagaya ɗakin tana yabawa.

Kujerar marigayi za ta zauna a ɗakin kwananki kusa da taga. Kafet da labulaye, ki yi haƙuri, za su kashe wa marmaran kyau. Akwatuna kuma na samo musu wuri a ɗakin ajiya na ƙasan bene, busasshe ne, da makullinsa a hannunki. Ba na ce a zubar ba ne, Gwaggo, kada ki murtuƙe mini fuska daga can.

Yaya Likita zai turo mota ƙarshen mako. Ki zo ki gani da idonki.

Taki,
Sarkin Awo

*

Sarkin Awo,

Na iso gida lafiya, hanya ba ta ba ni wahala ba. Ina fatan kun wuni lafiya.

Gida ya yi kyau. Tunda nake ban taɓa shiga ɗaki mai kyansa ba. Allah ya yi wa hannunki albarka, ya kawo miki manyan ayyuka ta dalilinsa. Kada ki taɓa komai, ki bar shi yadda yake. Akwatuna ma ba sai an zo ɗauka ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wallahi takardarki sai da na karanta wa Baba ita a shago, ya ce tun kuna yara bai taɓa jin kin yabi abu ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Tun ranar na ga alama. Kina ta murmushi kina gyaɗa kai, har mai fenti da ya tambaye ki ko a ƙara wa ƙofa duhu ko a rage, kika gyaɗa masa kai, ya rasa wanne kike nufi. Aku ce kawai ta ɓata rai, ta je ta ɓuya a bayan uwarta, wai kin ƙi kula ta. Yara ke nan.

Na ji daɗi da kika haƙura da akwatunan. Saura kayan kicin da fitilun gefen gado. Ki sanar da ni ranar da kike son tarewa in sa a zuba furanni.

Taki,
Sarkin Awo

*

Gwaggo,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, kullum hannu rabbana. Ya ce yana ganinki a ƙofar gida kina shara, kin karɓi takardata kin ce a gaishe ni.

Jiya Yaya Likita ya same ni a gidan ina jera kofuna. Ya zauna a hannun kujera ya ce in dakata haka nan, kin aiko masa cewa ba za ki tashi ba, ya sayar ko ya sa haya. Ya tambaye ki dalili kin ce babu. Ban taɓa ganinsa haka ba, babban mutum yana murza makullin mota kamar yaron da aka kora daga aji. Bai ce laifina ba ne, amma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na koma na sake karanta 'yar takardarki, sai yanzu na ga abin da ban gani ba. Kin ce gida ya yi kyau, ba ki ce gidana ba. Kin ce kada a ɗauki akwatuna, ni kuma na ɗauka haƙura kika yi, ashe cewa kike suna nan inda kike. Baba ya ce shiru ma magana ce, kuma taki ta fi ta kowa tsawo.

In akwatunan ne, gobe a jibge su a tsakiyar marmara, ban damu ba. In ni ce na yi miki rashin kunya da na ce kafet ɗinki zai ɓata ɗaki, ki yafe mini, ƙuruciya ce da ɗokin aiki. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, amma ba don aikina kaɗai ba. Aku kullum sai ta ƙwanƙwasa ƙofar nan in ta dawo daga makaranta, ni nake buɗe mata, sai ta leƙa bayana ta juya.

Ko zagi ne ki rubuto.

Taki,
Sarkin Awo

*

'Yata,

Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Ba ki yi mini komai ba, kuma ba akwati ba ne. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga, don abin da zan faɗa ko ɗan da na haifa ban faɗa wa ba. Ki riƙe mini shi.

Tunda na sa ƙafa a falon nan ban ji kalma ɗaya ba. Ina ganin bakuna suna motsi, ƙara kuma ta cika mini kai, takun takalmi da ƙarar kofi da dariya duk sun cakuɗe, kamar an mayar da ni tsakiyar injina a masaƙa. Na taɓa ɗan ƙwaron nawa na ƙara masa ƙarfi, abin ya ƙara muni. Shi ne na yi abin da kurame suka iya, na washe baki ina gyaɗa kai. Mai fentinku ya yi haƙuri.

Duk wannan da sauƙi. Aku ta zo ta riƙe mini hannu tana tambayata wani abu. Na yi murmushi. Ta sake faɗa, na sake murmushi. Ta ɗage ta faɗa da ƙarfi har jijiyar wuyanta ta tashi, muryar ta watse a ɗakin ban tsinci komai ba. Sai na ga fuskarta ta canja, ta saki hannuna a hankali. Na binne miji, na ga an rufe wurin da na yi ƙuruciyata, amma sakin hannun nan sai da ya sa ni kuka a mota, ina kallon taga don kada direba ya gani.

A hanya na sallama cewa kunnen ya ƙarasa. To da na iso, maƙwabciyata ta shigo karɓar almakashi, ta zauna a kan akwati tana ba ni labarin surukinta, na ji komai, har abin da ban so ji ba. Ban san me ke nan ba. Ko tsayin benen ne, ko tsufa ne ke zaɓar inda zai kunyata mutum.

Abin da na sani shi ne, gara in ga Aku daga hutu zuwa hutu in ji ta, da in gan ta kullum tana koyon cewa kakarta gunki ce. Yau ta saki hannuna, gobe za ta daina zuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In na gaya wa Likita, asibiti zai yi ta yawo da ni ana leƙa mini kunne, kuma ya ga kamar ya yi asarar gida saboda ni.

Gidanki yana da kyau, ban yi ƙarya ba. Ni ce ban dace da shi ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kuma yau ba zan tsaya dogon tambayar ƙafa ba, ki yafe ni.

Ba kunnenki ba ne. Falon ne, kuma ni na yi shi haka.

Da na karanta takardarki, inda kika ce maƙwabciya ta zauna a kan akwati ya tsaya mini a rai. Da safe na tafi gidan, na tsaya a tsakiyar falo na tafa hannu. Tafin ya je ya dawo ya sake zagayawa kafin ya mutu. Na toshe kunnuwana da auduga, na kunna rediyo, na sa mai fenti da mai lantarki su yi hira a gabana. Gwaggo, ko kalma ban kama ba. Sai ga ni ina gyaɗa musu kai ina murmushi.

Daga nan na je wurin wani abokin karatuna da ke shirya ɗakunan ɗaukar murya. Ya ce marmara da gilashi da madubi da fata duk ba sa shan sauti, jefa shi suke yi wa juna, ga rufi mai tsawo ya ba shi filin yawo. Mai lafiyar kunne yana tace maganar bai ma sani ba. Na'urarki kuwa ba ta san murya da amsa-kuwwa ba, duk ƙara musu ƙarfi take yi. Yadi da kafet da labule mai nauyi su ke shanye shi. Wato falonki na can, da na raina, shi ne ɗakin da ya fi dacewa da ke a duniya, ke kika gina shi da akwatuna ba ki sani ba. An koya mana wannan a makaranta, amma na ajiye shi a kaina a matsayin zancen manyan ɗakunan taro. Kin rubuta mini zancen kunnenki tun a takardar farko, na karanta na wuce ina neman launin fenti. Na auna komai a gidan nan ban auna mai gidan ba.

Ban tona miki asiri ba. Cewa kawai na yi wa Yaya Likita falon yana da amsa-kuwwa, ina so in gyara. Na tafa masa hannu ya ji. Sai ya ce, "Shi ya sa take ta murmushi." Likita ne, Gwaggo, kuma ɗanki ne. Ya ce in yi duk abin da zan yi.

Ki ara mini akwatunan da labulayen da kafet da kujerar marigayi. Ban ce ki yi alkawari ba. Ki bar ni in gwada, in bai yi ba ni da kaina zan rako su gida.

Taki,
Sarkin Awo

*

Sarkin Awo,

Lafiya lau, sai dai bayana da ya riƙe saboda jan akwati. Direbanku ya kwashe, yana ta mita wai duwatsu na zuba.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ga yaro ya hau abin da ya fi rimi, ya zo yana gaya mini abin da ke cikin falona. Bayan an fitar da kayan na tsaya a tsakar ɗakin na tafa hannu kamar mahaukaciya, sai na ji ya yi wata irin ƙara da ban san shi da ita ba. Wataƙila kina da gaskiya. Wataƙila na ce.

Ki saurara. Kada a wanke su da ruwan zafi. Masu shuɗi ba sa son rana, ki nesanta su da gilashin nan naki. Akwai wani mai ganye-ganye ruwan ƙasa a saman ƙaramin akwati, shi ne zanen farko da na sa wa hannu aka fitar, a lokacin ina da cikin Likita. In almakashi ya taɓa shi, ni da ke ne.

Zancen Likita kuma, na so in yi fushi, sai na ga ban san da wa zan yi ba. Ya zo da kansa ran nan, ya zauna a gabana daf da daf kamar mai neman gafara, bai ce komai game da kunne ba, yana dai magana a hankali yana kallona. Na bar shi ya ci gaba da tunanin ban gane ba.

Yanzu ga ni a falo fanko. Kin ga kin raba ni da jin maƙwabciyata ma, wannan kam na gode.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan bayan ya saki. Baba yana gaishe ki, ya ce zai zo ranar da za ki sake zuwa, wai ya kwance ƙafar.

Da na buɗe akwatunan sai da na zauna a ƙasa. Ban san abin da kike ɓoyewa ke nan ba. Kafinta ya yi mini firam-firam na katako, muka shimfiɗa soso mai kauri a ciki, muka ja yadin a kai ba tare da an yanka ko ɗaya ba, rarar a baya muka naɗe. Na jera su a dogon bangon nan tun daga ƙasa har sama, kowanne da siririn baƙin ƙarfe a gefensa, masu duhu a ƙasa, masu haske suna hawa. Masu shuɗi suna can lungun da rana ba ta kaiwa. Mai ganye-ganye yana tsakiya, daidai inda ido ke fara sauka.

Madubin ya koma hanyar shigowa. Teburin gilashi ya tafi, na kawo na katako. Kujerun na sa an tuɓe musu fata an sa musu yadi mai kauri, ƙafafun ƙarfen suna nan. Labulayenki an yi musu sabon shafi an ƙara musu tsawo, in an zuge su gari yana nan yadda yake. Kafet ɗinki ya yi ƙarami, sai na shimfiɗa wani babba mara ado a ƙasa na ɗora naki a kai, marmaran yana leƙowa ta gefe. Ko rufin ma na ɓoye masa abin shan sauti a tsakanin zanen filasta. Fitilar tana nan, ita ba ta yi laifin komai ba.

Kujerar marigayi a falo na ajiye ta, ba ɗakin kwana ba. Bayanta yana jikin bangon yadi, tana kallon ƙofa, hasken taga kuma zai riƙa sauka a fuskar wanda ke miki magana, ba a idonki ba.

Matar Yaya Likita da farko ta yatsine fuska, wai an mayar da gida shagon yadi. Shekaranjiya na same ta tana shafa bangon tana tambaya ko akwai ragowa. Gaskiya ɗakin ya fi na farko kyau, ko da yake ciwo ne in faɗa.

Na sake toshe kunne da auduga, na ji mai fenti sarai yana gulmata. Amma kunnena ba naki ba ne, sai an gwada akan san na ƙwarai. Na roƙi kowa, har Baba, kada ya shigo falon da farko, daga ke sai Aku. Ina tsoro, Gwaggo, amma ki zo.

Taki,
Sarkin Awo

*

Sarkin Awo,

Ina gaishe ki, ina gaida babanki da ya zo ya cika mini falo da labarin agogo. Ƙafa da sauƙi, wannan akwatin da ke hawa da mutum sama ya raba ni da matakala.

Kin gudu ranar kin tsaya a waje, sannan aka ce an kira ki wani aiki, don haka bari in ba ki labari. A kan teburin katakonki nake rubutun nan.

Na shiga na zauna a kujerar marigayi. Na ɗaga kai na ga shekaruna a jere a bango, abin da ya toshe mini kunne wai yau shi aka sa ya buɗe. Ban gama kallo ba aka turo Aku. Ta tsaya a bakin kafet ta ƙi ƙarasowa, hannu a baya, tana kallona ta ƙasan ido. Na ce mata ta zo ta faɗa mini abin da ta tambaye ni ran nan. Ta noƙe kafaɗa. Na ce wancan karon ɗakin ne ya haɗiye maganar, yanzu an yi masa magani.

Ba ta yarda ba, jinina ce. Sai ta gwada ni. Daga inda take, ta rage murya can ƙasa kamar mai gulma a aji, ta ce, "Kaka, in haƙorina ya fita, za ki ara mini naki na cikin kofi?"

Na ce mata nawa ya yi mata yawa, amma in ta yi haƙuri wani zai fito wanda ya fi nawa, kuma ba a cire shi da dare. Ta buɗe baki tana kallona. Sai ta rugo ta faɗa kan cinyata, ta nuna mini giɓin, ashe haƙorin tuni ya fita tun ina can ina fushi da bene. Daga nan bakin ya buɗe. Malama mai takalmi ta yi aure, an canja musu wurin zama, wata yarinya ta ciji wata. Shayina ya huce.

Na ce wa Likita ya aika a kwaso sauran kayana. Ya fita baranda ya daɗe yana kallon motoci, na bar shi. Surukata kuma ki ja mata kunne, jiya ta ce wa mai aikinta wani abu game da yawan sukarin da nake sha, tana tsammanin da ne.

Abu ɗaya, tunda babanki ya ce ba na yabo sai da amma. Firam na gefen ƙofa ya ɗan karkace. Ki zo da tef ɗinki ki duba.

Kuma ki sallami direban nan, wannan ce takarda ta ƙarshe. Ki zo da ƙafarki ki zauna a gabana ki yi magana, zan ji ki.

Gwaggonki